Wa zai koyar da lissafi da fiziks a Gagarawa nan da shekara biyar?

Matashin da zai tsaya gaban allo a wata sakandaren Gagarawa nan da shekara biyar ya koyar da fiziks ko lissafi, yanzu haka yana aji ɗaya a jami'a. Yana Kafin Hausa, ko Dutse, ko Kano. Mai yiwuwa shi kansa bai san zai zama malami ba, kuma da wuya a ce wani ya taɓa tambayarsa ko yana so.

Abin da aka saba shi ne a bar shi ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya yi ta yawo da takardu tsakanin Dutse da Kano da Abuja. Idan ya rasa, sai ya dawo gida ya karɓi alli "kafin Allah ya kawo wani abu". Wanda ya shiga aji da wannan niyya kuwa, jikinsa ne a makaranta, idonsa yana kan ƙofa.

Gwamnati da jami'o'in Jigawa sun daɗe suna neman malamin kimiyya bayan ya kammala karatu. Ya kamata su koma nemansa tun yana ɗalibi, su ɗauki nauyinsa, su ƙulla yarjejeniya da shi a kan darasin da zai koyar da garin da zai koyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake cike gurbi

Duk shugaban makarantar da ya yi aiki a karkara ya san dabarar. Idan babu malamin kemistiri, sai na bayoloji ya riƙe. Idan babu na fiziks, sai a dubi na lissafi, in akwai shi, ko na darasin noma. Idan duk ta ƙi, a zuba ido a jira ɗan hidimar ƙasa.

Da babu gara ba daɗi, kuma cikin 'yan hidimar ƙasar akwai haziƙai. Sai dai shekara ɗaya ce tasu, ita ma ba cikakkiya ba idan aka cire makonni uku na sansani da hutun makaranta. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare zai iya kaiwa aji uku ya ga malaman fiziks uku, kowanne ya fara daga inda ya ga dama, wani ma ba ya jin Hausar da zai warware wa yaro abin da ya shige masa duhu.

Ranar jarrabawa asiri ke tonuwa. WAEC da NECO duk suna da takardar gwaji a aikace a fiziks da kemistiri da bayoloji. Yaron da bai taɓa ɗiga asid cikin kwalba ya ga launi ya sauya da idonsa ba, bai taɓa haɗa waya da batir ya karanta awon lantarki ba, an tura shi farauta ba kare ba sanda. Wani wurin ma kayan suna nan a kulle cikin kwali, ƙura ta rufe su, don babu wanda ya iya sarrafa su.

Wanda kuwa bai samu kiredit a waɗannan darussa ba, ƙofar likitanci da aikin jinya da injiniyanci da haɗa magunguna ta rufe masa tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura, nan arewacin Jigawa. Abin farin ciki ne. Amma kusancin gini ba ya ba ɗan Medu ko ɗan Madaka ko 'yar Kore Balatu gurbi. Sakamakon lissafi da fiziks ne ke bayarwa.

Yankin kuma ba wurin da ba ya buƙatar masana ba ne. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana buƙatar likitocin dabbobi. Riɗi da zoɓon da ake nomawa daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har ƙasashen waje suke kaiwa, kuma ba sa tsallaka iyaka sai an auna ingancinsu a ɗakin gwaje-gwaje. Masu wannan awo daga aji suke fitowa.

An taɓa yin abin da ya fi wannan wuya

A 1977, lokacin Jigawa tana cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnati ta lura ba ta da isassun 'yan asalin jiha a fannin likitanci da injiniyanci. Ba ta tsaya kuka ba. Ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa zaƙulo yara masu ƙwazo ta hanyar jarrabawa, ta tara su wuri guda da kayan aiki. Daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura da Jahun, da ta maza a Kafin Hausa. A Gumel ma akwai sakandaren kimiyya ta Lautai. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan wannan tsari na Kano ya yi binciken digirinsa na uku a Ingila. Da yawa daga manyan likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau 'ya'yan waɗannan makarantu ne.

Wani abu da ba a cika tunawa ba shi ne su wa suka koyar. A wancan zamani da yawa daga malaman kimiyya a sakandaren Arewa baƙi ne, daga Indiya da Pakistan da Ghana da sauransu. Da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980, yawancinsu suka tattara suka tafi. Yaran da suka yaye kuwa suka zama likitoci da injiniyoyi, kamar yadda aka tsara. Kaɗan ne suka koma aji. An shuka, an girbe, amma ba a ajiye iri ba.

Wuraren da za a samar da irin suna nan. Kwalejin Ilimi ta Gumel tun 1976 take horar da malamai, kuma a tsakiyar waɗannan ƙananan hukumomi huɗu take. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, tana da tsangayar ilimi da ta kimiyya. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Bayero a Kano. Abin da ya rage shi ne wa ke shiga, da wace niyya, kuma wa ke riƙe shi har ya fita.

A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a taron JAMB shi ne 150 na jami'a, 100 na kwalejin ilimi, cikin maki 400. Saƙon da wannan ke isarwa ga ɗalibi da iyayensa a fili yake: malanta ta wanda ya rasa ce. A jami'a ma kowa ya san yadda ake cika sashen koyar da kimiyya. Wanda ya nemi likitanci bai samu ba, aka ce masa ga wannan ka riƙe, sai ya karɓa yana lissafin yadda zai sauya kwas baɗi.

Alƙawarin Abuja da aljihun ɗalibi

Ba a ce ba a yi komai ba. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da jerin alƙawura: albashi na musamman, ƙarin shekarun aiki daga 35 zuwa 40, ritaya a shekara 65 maimakon 60, alawus ga malaman kimiyya da na karkara, tallafin karatu ga ɗaliban fannin ilimi, har da ɗaukarsu aiki kai tsaye. Shekara guda bayan haka Ministan Ilimi Adamu Adamu ya faɗi adadin: naira 75,000 kowane zangon karatu ga masu digiri a fannin ilimi a jami'o'in gwamnati, naira 50,000 ga masu NCE. Batun shekarun ritaya ya zama doka a 2022.

A ajiye maganar wa ya samu, wa bai samu ba. A ce ma an biya kowa a kan kari. Naira 75,000 sau biyu a shekara 150,000 ke nan, wato 12,500 a wata. A yau da mafi ƙarancin albashi ya kai 70,000, wannan kuɗi ba zai sa wani ya sauya shawarar rayuwarsa ba. Abu na biyu, kuɗin iri ɗaya ne ga mai karatun koyar da fiziks da mai karatun darasin da malamansa suka yi yawa. Na uku, babu sharaɗin inda mutum zai koyar. Zai iya karɓa, ya gama, ya buɗe shagon POS a Kano, kuma bai saɓa wa kowace doka ba.

Bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara nema a watan Mayun 2024, ya taimaki ɗalibai da yawa: kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma bashi bashi ne. Mai digirin lissafi da ya fita da bashi a wuyansa, banki ko kamfanin sadarwa zai fara dosa, ba sakandaren Zarada ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

A matakin jiha akwai J-Teach, wanda gwamnatin Badaru Abubakar ta faro, gwamnatin Umar Namadi kuma ta mayar da dubbai daga cikin masu yin sa ma'aikatan dindindin. Ya rage giɓi, a yaba. Sai dai J-Teach daga cikin waɗanda suka riga suka gama yake ɗiba. Idan masu digirin fiziks 'yan Gagarawa ba su da yawa a kasuwa, ko sau nawa aka buɗe shafin neman aiki ba za su ƙaru ba.

Yadda wasu suka yi

Ƙarancin malaman lissafi da kimiyya ba na Najeriya kaɗai ba ne. Hatta ƙasashen da ake ganin sun ci gaba suna fama da shi, domin duk inda mai digirin fiziks yake, akwai mai ba shi abin da ya fi albashin malami.

A Amurka, Jami'ar Texas da ke Austin ta fara wani shiri a 1997 mai suna UTeach. Dabarar mai sauƙi ce. Ba a ce wa ɗalibin lissafi ya bar sashensa ya koma tsangayar ilimi. Tun shekarar farko ake gayyatarsa ya ɗauki wani ɗan gajeren kwas, a kai shi firamare ya koyar da 'yan darussa, ya ɗanɗana ya ji. Gogaggun malaman sakandare da jami'ar ta ɗauka aiki su ke sa masa ido. Wanda ya ga abin ya kwanta masa sai ya ci gaba, ya fita cikin shekara huɗu da digirinsa na kimiyya da kuma shaidar koyarwa. Jami'o'i da dama a ƙasar sun kwaikwayi tsarin. Akwai kuma tallafin Robert Noyce da gwamnatin ƙasar ta fara a 2002: duk shekara ɗaya da aka biya wa ɗalibi, zai koyar shekara biyu a yankin da ke da ƙarancin malamai, in ya ƙi kuɗin ya koma bashi.

Ingila kuɗi take zubawa kai tsaye: wanda zai yi horon koyar da fiziks ko lissafi ko kemistiri yana samun tallafin da ya haura fam 25,000, alhali wasu darussan ba sa samun ko rabin haka. Ba a raba daidai, ana bin inda ƙarancin yake ne.

Wanda ya fi kusa da halin da Jigawa ke ciki shi ne na Afirka ta Kudu, Funza Lushaka, da aka fara a 2007. Ana biyan kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai, ana fifita darussa irin su lissafi da kimiyya, ɗalibi kuma ya koyar a makarantar gwamnati adadin shekarun da aka biya masa. Daga baya suka fara zaƙulo ɗalibai daga gundumomin karkarar da ke da buƙata. Suna da tasu matsalar da ya kamata a lura da ita: an sha samun waɗanda suka gama suna zaune a gida, larduna ba su tura su aiki a kan lokaci ba.

Jigawa ma ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Ta tura ɗalibai karatun likita zuwa Sin da Sudan da Cyprus bisa yarjejeniyar su dawo su yi wa jiha aiki. Idan an yarda a yi wa likita haka, mene ne ya hana a yi wa wanda zai koya wa likitan kemistiri?

Abin da za a iya yi, da abin da zai ci

A ɗauki ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a matsayin gwaji. Kowace shekara a zaɓi ɗalibai goma daga kowacce, waɗanda suka riga suka samu gurbi a lissafi, fiziks, kemistiri ko fannin koyar da su. A biya masu kuɗin makaranta da masauki, a ba su, a misali, naira 50,000 a wata. Alawus ɗin mutum 40 a shekara naira miliyan 24 ne. Idan tsarin ya cika aji huɗu, mutum 160, miliyan 96. A jihar da kasafinta na 2025 ya kusa naira biliyan 700, wannan bai kai kuɗin shimfiɗa kwalta mai tsawon kirki ba.

Wajibi ne zaɓen ya kasance na 'yan yankin. Ba ƙabilanci ba ne, lissafi ne. Wanda aka turo daga nesa tun ranar da ya sauka yake neman canji, kuma yawanci yana samu. Wanda gonar mahaifinsa ke Yalawa, mahaifiyarsa na Garin Ciroma, ba shi da kuɗin haya, yana noma da damina, yana da dalilin zama. Ga 'yan mata abin ya ma fi muhimmanci. Malamar kimiyya 'yar gari, da aka tura makarantar da ke kusa da gidanta, aure ba zai raba ta da aikin ba, kuma ganinta kawai yana sa uba ya bar 'yarsa ta ƙarasa aji uku.

Kason jami'a ba na kuɗi ba ne, na tsari ne, kuma nan ne aka fi sakaci. Bangon da ke tsakanin tsangayar kimiyya da ta ilimi ya kamata a yi masa ƙofa. Ɗalibin da ke karanta tsantsar lissafi, in yana son koyarwa, hanyarsa a yau ita ce ya gama, ya sake biyan kuɗi ya yi difloma ta PGDE, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN. Shekara guda da kuɗi a kan aikin da ba shi da albashin a zo a gani. Mutum nawa ne za su yi? Jami'ar Sule Lamido za ta iya neman amincewar NUC da TRCN ta saka kwasa-kwasan koyarwar a cikin shekaru huɗun.

Gwajin koyarwa kuma a daina barinsa sai an kusa gamawa, a kuma daina cunkusa ɗalibai a makarantun cikin gari don sauƙin malaman da za su duba su. Dogon hutu ya isa ɗan aji biyu ya koma sakandaren da ta yaye shi, ya zauna ƙarƙashin wani tsohon malami, ya koyi yadda ake bayyana saurin mota da nauyin buhu da Hausa kafin a mayar da su Turancin jarrabawa, ya koyi yin gwaji da gwangwani da zare da batirin tocila idan kayan kwali ba su zo ba. Kwalejin Gumel na iya zama sansanin wannan aiki, tunda tana da malamai da ɗakunan gwaje-gwaje a kusa. Tsofaffin malaman kimiyya da suka yi ritaya suna nan zaune a Gumel da kewaye, ilimi a ka, babu mai tambayarsu.

Wanda kuma ya riga ya ci bashin NELFUND, jiha ta ce masa: duk shekarar da ka koyar a karkara, an biya maka kaso kaza.

Za a ce ai za su gudu

Wasu za su gudu, gaskiya ne. An ga haka a likitoci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai in akwai mai bin sawu. Yarjejeniyar ta zama a rubuce, da mai tsaya wa ɗalibi, da sharaɗin kuɗin ya koma bashi ga wanda ya saɓa. Ta kuma zama mai iyaka: shekara huɗu aka biya maka, shekara huɗu za ka yi, daga nan hanya a buɗe take, har da damar ƙaro karatu. Matashi ya fi yarda da igiyar da ya san ranar kwance ta. Ko da rabi sun tafi bayan wa'adinsu, makaranta ta samu malami ɗaya na shekara huɗu a jere, abin da ɗan hidimar ƙasa ba zai taɓa ba ta ba.

Ita ma gwamnati yarjejeniyar ta ɗaure ta. Takardar ɗaukar aiki ta kasance tana jiran ɗalibi ranar da ya gama hidimar ƙasa, da sunan makarantar a jiki. Idan aka bar shi wata shida a gida, shi ma ya kuɓuta daga nasa alƙawarin.

Haɗarin da ya fi gudu girma shi ne jerin sunaye. Da zarar an ce akwai naira 50,000 a wata, takardu za su fara fitowa daga gidajen manya, ɗan wane da ƙanin wane, har da wanda rabonsa da lissafi tun aji uku na ƙaramar sakandare. Idan aka raba guraben kamar yadda ake raba taki, an kashe shirin tun ran gini. Makarantun kimiyya na 1977 jarrabawa ce ta tsare masu mutunci. Nan ma a yi jarrabawa, jami'a ta shirya ta, a manna sakamako da maki a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kowa ya gani.

Akwai kuma mai cewa a gyara albashi kawai, sauran duk za su biyo baya. Albashi dole a gyara shi, alawus ɗin karkara da na kimiyya da aka yi alƙawari a 2020 su ma a gan su a takardar albashi. Amma ko gobe aka ninka albashin, malamin fiziks ba ya tsirowa a wata guda. Shekara huɗu ake yi ana gina shi, ta biyar ya yi hidimar ƙasa.

Gwamnatin Namadi ta raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ta ilimin matakin farko da ta ilimi mai zurfi, don haka an san teburin da wannan takarda za ta sauka. Shugabannin ƙananan hukumomin huɗu, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltarsu, da Masarautar Gumel, ba sai sun jira Dutse ba kafin su fara da mutum biyar-biyar. Sunayen 'yan yankin da ke aji ɗaya a sashen lissafi da fiziks da kemistiri suna ofishin rajista na Kafin Hausa da Dutse da Kano, da ƙaramar hukumar kowa a gaban sunansa. Wasiƙa ɗaya ta isa a karɓo su.